Ka Bar Ɗanka Ya Ƙarasa Maganarsa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maman yara da ƙananan. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan lafiya muke, sai godiya. Ƙafar nan tawa ta yi sauƙi tun da aka rage mini tsayuwa a asibiti. Maigida ma sugansa ya daidaita, idon ne dai sai haƙuri, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi. Yaya Babba ya gama gyaran rufin ɗakinsa kafin ruwa ya sauka, yanzu ba ya da zance sai na tsadar ƙusa. Wannan ita ce gaisuwar, kuma Allah Ya sani da zuciya ɗaya na yi ta. Abin da zai biyo baya ba mai daɗin ji ba ne.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya a aljihun kowa. Na gaji ne da magana da kai a waya. Da na buɗe baki sai ka tare ni da na gane Yaya, na gane, kafin in kai rabin zance ka riga ka yanke hukunci, ka ce ana jiranka a ofis. To ni ban gama ba, kai ma ba ka gane ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba abokin aikinka da ya zo ganin gida ya miƙa maka hannu da hannu. Raina a ɓace yake, Auta, irin ɓacin da ban taɓa yi da kai ba tun ina goya ka, kuma a kan babban ɗanka ne.

Bari in tuna maka yaron da ka bar mini ranar da ka kwashi maman yara da ƙananan kuka tafi, ka ce ya zauna a wurina ya ƙarasa sakandare. Yaro ne da in'ina ta ɗaure wa baki har ya ga gara ya daina buɗe shi. Kai ka laƙaba masa Shiru-shiru kana dariya, dangi suka ɗauka. In na aike shi kanti, abin da ke fili sai ya nuna da yatsa, wanda ba ya fili kuwa sai ya dawo ya ce babu. In ya shiga motar haya, gara a wuce da shi ya dawo da ƙafa da ya ce a tsaya. Akwai ranar da aka fasa gilashin taga a ajinsu, malami ya tsare shi ya ce ko shi ne. Ba shi ba ne, amma kalmar ta ƙi fita, malamin ya ɗauki shirun a matsayin amsa laifi, ya zane shi. Ni na shafa masa magani a baya, kuma sai da aka yi kwanaki kafin in san abin da ya faru, daga bakin wani ɗan ajinsu. Lokacin da na gaya maka a waya, cewa ka yi ai namiji ne, zai warke.

Akwai abin da ba ka sani ba game da ɗanka, kuma ya kamata ka sani. A wancan lokacin, in kalma ta yi masa nauyi sai ya musanya ta da wadda ta fi sauƙin fita, ko da ba ita ce a ransa ba. In ka ce shayi ko madara, sai ya zaɓi wanda harshensa ya yarda, ba wanda cikinsa yake so ba. Haka ya yi ta rayuwa yana karɓar abin da bai nema ba. Ka tuna ranar da ka tambaye shi a gaban abokanka abin da yake so ya zama, ya ce injiniya, ka buga masa kafaɗa ka ce ɗan babansa? Tun daga ranar kake yawo da zancen. To malamin makaranta yake so ya zama. Kalmar malami ce ta maƙale, kuna tsaye kuna kallonsa, injiniya ta zo da sauƙi ya kama ta. Da bakinsa ya gaya mini, yana ɗan murmushi, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Haka kuma ƙorafin da kake yi mini cewa yaron nan ba ya ce maka Baba a waya, sai dai ya fara da ina wuni kamar yana gaida baƙo. Ba raini ba ne. Duk cikin kalmomi babu wadda ke ba shi wuya kamar ita, kuma ya san ba za ka jira ba.

Abin da ya fara sauya shi ba magani ba ne, ba kuma dabarata ba ce. Ka san Maigida da jarida. Tun yana aiki a gidan waya ba ya karya kumallo sai da ita. Da idonsa ya tafi sai ya koma zama a baranda da rediyo, yana faɗa da masu labarai. Wata rana da la'asar ya ji motsin yaron ya dawo daga makaranta, ya ce ya zo ya karanta masa kanun labarai. Ina kicin na ji, kuma na san abin da za a sha. Yaron ya zauna a kan tabarma ya fara, layin farko ya maƙale. Na leƙo ta taga. Maigida yana zaune, hannu a kan sanda, bai ce uffan ba, bai ƙarasa masa ba, bai ce ya kwantar da hankalinsa ba, bai ce ya bari ba. Ya jira kawai, kamar mai jiran shayi ya huce. Da kalmar ta fita sai ya ce to, sai kuma me suka ce. Ranar sun ɗauki tsawon yamma a kan labari ɗaya. Washegari yaron da kansa ya ɗauko jaridar.

Tun daga nan ya zame musu aiki. Suna karatu suna gardama, Maigida ya ce gwamnati ta yi daidai don kawai ya tsokane shi, yaron ya ce ba ta yi ba, ya kawo dalili. Da ransa ya ɗan ɗauki zafi sai na lura yana mantawa da tsoron bakinsa. In'inar ba ta tafi ba, kar ka ce na ce maka ta tafi, tana nan kuma wataƙila da ita zai tsufa. Abin da ya tafi shi ne gudun. Ya gaya mini cewa ya yi wa kansa alkawari ba zai ƙara musanya kalma ba, ko za a kwana ana jira, wadda ke ransa ita zai faɗa. Ranar da ya tsaya a gaban mai kanti ya nemi batir, mutane na bayansa suna tsaki, bai juya ba har sai da ya faɗa, ya dawo ya ajiye mini a kan tebur kamar wanda ya ciyo kofi. Ya ce, Goggo, yau da bakina na sayo. Kai ba ka ga wannan ba. Ba ka ga ya yi tsawo har ya wuce ka ba, har 'yan ajinsu suna kiransa Dogo. Ba ka ga ya fara abokai suna zuwa gidan nan suna cinye mini burodi ba.

A farkon shekarar nan malamarsu mai kula da ƙungiyar muhawara ta nemi masu shiga. Ɗanka ya ɗaga hannu. Ya ce aji ya kwashe da dariya, har wani ya ce to sai a zo da tabarma da matashi. Malamar ta tambaye shi ko da gaske yake, ya ce da gaske, ta rubuta sunansa. Na tambaye shi me ya kai shi inda aka fi tsoro, alhali masu lafiyayyen baki ma gudu suke. Ya ce a duk makarantar nan ne kaɗai wurin da doka ta ce in mutum ya miƙe yana magana babu mai katse shi sai ƙararrawa ta kaɗa. Ya ce mintunan nan nasa ne, ko da kalma goma kawai ya faɗa a ciki. Tun daga lokacin yake tsayuwa a tsakar gida bayan ya gama aikin makaranta, yana yi wa igiyar shanya jawabi, Maigida na baranda yana zama alƙali yana buga cokali a jikin kofi in lokaci ya cika. Kuma kafin ka ce wasa ya ɗauke masa hankali, sakamakonsa na zangon nan ya fi na kowane zango tun da ya zo, na aiko maka da hotonsa, ko amsa ba ka ba ni ba.

Ranar gasarsu da makarantar da ke ƙetaren titi, na musanya aiki da abokiyar aikina na je, na riƙo hannun Maigida muka zauna a layin tsakiya. Ɗakin taron cike yake da ɗalibai, fanka ɗaya ce ke juyawa. Abin da aka ba su shi ne ko ya dace a riƙa zaunar da ɗalibai a aji bisa sakamakon jarrabawa, masu ƙoƙari a gaba, sauran a baya. Ɗanka yana ɓangaren da suka ce bai dace ba. Ya miƙe, rigarsa a goge, ya yi sallama lafiya, ya fara lafiya. Sai ya zo kan kalmar baya, ta tsaya masa a leɓe. Idonsa ya rufe, wuyansa ya ɗaure, sautin farko yana ta maimaituwa a lasifika. Aka fara ƙus-ƙus, sai dariya ta ɓarke daga ɓangaren baƙi, wasu har da kwaikwayo. Na ji kamar in tashi in rufe shi da mayafina. Maigida ya matse hannuna ya ce in zauna.

Auta, yaron nan bai zauna ba. Bai musanya kalmar ba, alhali da ya so sai ya ce ƙarshen aji, wadda ta fi sauƙin fita. Ya tsaya har ta fito, ya ɗago kai ya dubi masu dariyar, ya ce ya gode da jiran da suka yi. Nan take dariyar ta yanke. Sannan ya ci gaba, ya ce shi ya san kujerar baya fiye da kowa a ɗakin nan, domin da kansa ya zaɓe ta shekara da shekaru don kar malami ya gan shi, kuma yaron da aka tura can yana koyon darasi ɗaya ne tak, cewa ba a jiran komai daga gare shi. Ya sake maƙalewa nan da can, ba wanda ya ƙara dariya. Ƙararrawa ta kaɗa bai gama ba, aka rage musu maki, makarantarsu ta faɗi. Amma da ya sauko, yaran ajinsu suka rufe shi, ɗaya daga cikin alƙalan ya bi shi har waje ya ba shi hannu. A hanyar gida bai daina magana ba, yana ta lissafa inda ya yi kuskure da yadda zai gyara a zagaye na gaba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Farin cikin nan bai kwana biyu ba. Ɗan Yaya Babba, Ɗan Gayun nan da ke ɗaya makarantar, ashe ya ɗauki bidiyo. Bai ɗauki farko ba, bai ɗauki ƙarshe ba, sai daidai inda ɗan uwansa ya maƙale ana dariya, ya jefa a guruf ɗin dangi. Shi na riga na gama da shi, na je har gidansu na karɓi wayar a gaban ubansa na sa ya goge, kuma yaro ne, wauta ce irin ta yara. Kai fa? Kai da ka haife shi, ka ga ɗanka a tsaye shi kaɗai ana yi masa dariya, ba ka kira ni ka ce Yaya me ya faru ba, ba ka tambayi yadda aka ƙare ba. Sai ka danna waya ka saki saƙon murya a guruf ɗin da kowa ke ciki, har da surukai, har da yaron kansa. Ka ce wa ya ba da izinin fitar da yaron nan gaban jama'a yana zubar mana da mutunci. Ka ce wanda Allah bai ba baki ba sai ya nemi abin da ake yi da hannu. Ka ce a daina wahalar da mutane da sauraronsa. Muna cin abinci saƙon ya shigo, shi ya danna da hannunsa don ya ga sunanka, yana zaton yabo ne. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye cokali, ya ɗauki kwanonsa ya kai kicin ya wanke, ya shiga ɗaki.

Kamar wannan bai isa ba, washegari ka kira shugaban makaranta. Ni da yaron ke hannuna, ni da ke zuwa taron iyaye, ni da ke zama da shi in zazzaɓi ya kama shi, ba ka ga na isa a shawarce ni ba. Ka ce a cire shi daga ƙungiyar, umarnin uba ne. Shugaban bai san hawa ba bai san sauka ba, ya aika aka kira yaron daga tsakiyar atisaye, a gaban abokansa aka ce ya ɗauki jakarsa. Malamar ta kira ni ta ce ita ba ta taɓa samun ɗalibin da ke shirya hujja kamarsa ba, amma ba ta da ikon tsallake maganar mahaifi.

Na zaci zai koma cikin ɓawonsa, in sake samun yaron da ke nuna abu da yatsa. Abin da na fi tsoro ke nan, kuma da hakan ta faru ban san ranar da zan yafe maka ba. Sai ga shi da la'asar ya fito da jarida kamar kullum. Da suka gama ya ce mini zai yi maka magana da kansa, amma ba a kira ba, don a kira ba zai samu fili ba. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya yi maka saƙon murya. Ina tsakar gida ina jin tashin muryarsa, yana tsayawa, yana ci gaba. Bai goge ya sake ba, ya ce yadda ya fito haka za ka ji shi. Saƙo ne mai tsawo, na ga tsawonsa a wayar da idona. Ya tura, ya fito ya zauna kusa da ni da wayar a hannu. Ko ruwan da na ɗora bai yi ɗumi ba amsarka ta shigo, a rubuce: na ji, maganata tana nan. Auta, ko da gudu aka saurari saƙon nan ba a kai kashi ɗaya cikin huɗu ba a wannan ɗan lokacin. Ni na sani, shi ma ya sani. Ya dubi wayar ya dube ni ya ce, Goggo, bai buɗe ba ma sosai. Wannan ce ta sa na ɗauki biro.

Ina so ka gaya mini wane mutunci ne ya zube. Na wa? Ni ina cikin ɗakin, kuma ban taɓa jin girman gidanmu kamar ranar ba. Mutuncin da kake tsoro na abokan ofis ne da ka cika wa kunne da ɗanka injiniya, kana gudun kar su ga bidiyon. Saboda mutanen da ko sunansa ba su riƙe ba ka watsa wa ɗanka ƙasa a ido a gaban dangi. Kuma kai ne fa, Auta. Kai da ka kai aji uku ba ka iya haɗa baƙi ba, kullum ka dawo da kuka an ce maka daƙiƙi. Marigayi Baba ya dawo daga aiki a gajiye, ko takalmi bai cire ba zai zaunar da kai a gefensa, ka yi ta tuntuɓe a kan layi ɗaya yana jiranka, mu kuma an hana mu ko tari. Bai taɓa cewa a daina wahalar da shi da sauraronka ba. Da ya ce haka, da yau ba ka zaune a ofis mai sanyi kana yanke wa mutane magana. Abin da aka yi maka kyauta shi ne ka hana ɗanka, har ka bar wa makahon da ba shi ya haife shi ba ya yi maka.

Kar kuma ka ce mini ai kana turo kuɗin makaranta ba ka taɓa fashi ba. Na sani, Allah Ya saka. Amma yaron nan ba buhun kaya ba ne da ka ajiye a wurina kana biyan kuɗin ajiya. Yana girma, yana tunani, yana da abubuwan da ke da daraja a wurinsa, kuma ba ka san ko ɗaya ba. Ba ka san yana tashi ya raka Maigida masallaci ba tare da an sa shi ba, yana gaya masa inda rami yake. Ba ka san yana tara kalmomin da suka fi ba shi wuya yana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin abokan faɗa ba. Na tambaye shi ko dariyar ranar ce ta fi yi masa ciwo. Ya ce a'a, dariya ya saba da ita, ya ma shirya mata tun daga gida. Ya ce abin da ke damunsa shi ne ɗaki cike da baƙi sun iya jiransa, mahaifinsa kuwa tun da yake bai taɓa jin jimlarsa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Bai yi kuka ba da yake faɗa. Ni ce na tashi na shiga kicin.

Ga abin da na yi, don kar ka ji a bakin wani. Na je wurin shugaban makaranta na gaya masa cewa yaron a hannuna yake, sunana ne a takardunsu a matsayin mai kula da shi, kuma na ce a mayar da shi. Ya yi ta kame-kame, ya ce ba ya son shiga tsakanin 'yan uwa, na ce ai ya riga ya shiga ranar da ya kira yaro daga cikin abokansa. A ƙarshe ya yarda ya koma atisaye, amma ya ce ba zai sa shi a zagaye na gaba ba sai ka kira da bakinka ka janye. Zagayen yana ƙarshen wata. Yaron ya koma, yana shirya hujjoji yana ba abokansa, yana tsayuwa a tsakar gida kamar da, bai san ko zai hau ko ba zai hau ba. In ranka ya ɓaci da abin da na yi, ni ce na yi, ka zo ka same ni, kar ka sauke a kansa.

Abin da nake nema a wurinka ba shi da yawa. Ka kira shugaban ka janye maganarka. Ka koma guruf ɗin da ka ci masa fuska ka gyara a nan, da muryarka, inda kowa ya ji na farkon, ba a ɓoye ba. Sunan nan na Shiru-shiru kuma kar in ƙara jin sa a bakinka. Kafin duk wannan, ka nemi wuri ka zauna, ka rufe ƙofa, ka buɗe saƙon da ya turo maka ka saurare shi har ƙarshe, da tsayawarsa da komai. Na san abin da ke ciki don ya bar ni na ji daga baya, amma ba zan gaya maka ba, ba ni ya yi wa ba. Abu ɗaya kawai zan faɗa: da kalmar Baba ya fara, kuma ya daɗe a kanta kafin ta fito. In ka ƙi, ba zan iya tilasta ka ba, amma ka sani yaron nan ba zai koma baya ba. Zai ci gaba da magana, zai sami masu sauraronsa, wata rana ka nemi ya gaya maka abin da ke ransa ka tarar ya daina sa ka a lissafi. Ba baki nake maka ba, Allah Ya kiyaye, abin da nake hangowa ne.

Ka gaida maman yara da kyau, ka ce mata na ji kukanta a waya kuma ɗanta yana cin abinci, ta kwantar da hankalinta. Ka shafa mini kan 'yan biyu, ka ce wa 'yar autarku Goggo ta ga hoton haƙorinta da ya fita. Maigida yana gaishe ka, ya ce in rage zafi, na ce masa na rage. Yaya Babba da iyalinsa suna gaisuwa, haka maƙwabciyarmu mai kanti da ke tambayarka kullum. Na tambayi ɗanka ko in sa maka gaisuwarsa a ciki. Ya ce a'a, in bar masa, zai gaishe ka da bakinsa duk ranar da kake da lokacin jira.

Allah Ya shirye mu gaba ɗaya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka, wadda fushinta bai rage komai daga ƙaunarta ba,
Goggon yara